Malaminmu ya ce mahaifiyata ba ta yi aiki ba

Wasiƙar wannan makon daga Aboabo ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire sunan makaranta da duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar shekarar farko a wata jami'a a nan Kumasi, ina karanta injiniyanci. A WASSCE na samu A1 a fiziks da lissafi, har walima aka yi mini a unguwa. Da sakamakon zangon karatu na farko ya fito sai na ga na faɗi a fiziks ɗin motsi da makamashi, dole in sake rubuta shi. Duk fomular da ke littafin na haddace ta, ko daga barci aka tashe ni zan kawo ta, amma in na buɗe takardar jarrabawa sai in ga kamar ba abin da aka koya mana ba ne. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da malaminmu ya ce wadda ta ɗauki kaya a kai ta yi tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ta yi aikin komai ba. Tun rasuwar Baba, Mama ce ke biya mini makaranta da kuɗin waakye, shinkafa da waken da take sayarwa, kuma shekara 20 ke nan tana ɗaukar tukunya a kai kullum da asuba. Daga ranar darasin ya fita raina. Har yau ban gaya mata na faɗi ba. Kawuna makanike ne a Magazin, unguwar makanikai ta Suame, ya ce dama karatun maza ne, in koma aikin jinya ko in yi aure. Malam, kaina ne bai kai ba? In bari ne? Kuma da wace fuska zan kalli Mama? 'Yarka, daga Aboabo."

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya ƙara wa mahaifiyarki lafiya, ya sa albarka a tukunyarta.

Da tukunyar zan fara, don na ga a nan ƙayar ta soke ki.

Malaminki bai yi ƙarya ba, maganar ce bai ƙarasa ba. Kin yi Islamiyya, kin san yadda malam kan ce kalma kaza a lugga ma'anarta kaza, amma a wurin malaman fiƙihu ma'anarta kaza. Salla a lugga addu'a ce. Wanda ya ɗaga hannu ya yi addu'a bai sauke farali ba, kuma babu wanda ya zage shi don an faɗa masa haka. Masu fiziks ma haka suka yi: suka shigo kasuwa suka ari kalmomin da kowa ke amfani da su, aiki da ƙarfi da nauyi, suka ƙuntata musu ma'ana don su auna da su. Aiki a bakinsu shi ne ƙarfin da aka sa wa abu a ninka shi da nisan da abin ya tafi ta fuskar da ƙarfin ke tura shi. Kan Mama sama yake tura tukunya, tukunya kuwa gaba take tafiya. Daga ƙofar gida zuwa bakin titi tsayinta daga ƙasa bai ƙaru ba, gudunta bai ƙaru ba. Tambayar da ake yi ita ce me tukunya ta samu. Ba a tambayi me Mama ta kashe ba, wannan wani lissafi ne daban, kuma mai nauyi ne.

Teburi zai riƙe tukunyar nan shekara guda bai nemi tuwo ba. Tsokar mutum ba katako ba ce. Zaruruwan da ke cikinta ɗamewa suke suna saki, suna ɗamewa suna saki, ko da mutum a tsaye yake cak, kuma kowace ɗamewa tana ƙona wani abu daga abincin da aka ci. Ina yake tafiya? Zafi da gumi. Ki taɓa wuyan Mama in ta sauke, ga amsar nan a tafin hannunki.

Ki sa adadi ki gani. A ce tukunya kilo 20 ce, aka hau da ita bene ɗaya mai tsayin mita 3. Ki ninka 20 da 9.8 na jan ƙasa da 3, ya ba ki jul 588, jul kuwa shi ne ma'aunin aiki da makamashi. Ƙwan lantarki mai wat 10 yana cinye kusan wannan a minti ɗaya. Yunit ɗaya na wutar da kike saya a mita jul miliyan 3.6 ne, wato sai Mama ta hau benen nan sama da sau 6,000 kafin tukunya ta samu kwatankwacinsa. Ni wannan lissafin bai taɓa sa na raina mai ɗaukar kaya ba, wutar lantarki ya sa na daina rainawa. Kuma masana ba su ɗauki ɗaukar kaya a kai wasa ba. A 1986 wasu masu bincike suka auna numfashin matan Luo da Kikuyu a Kenya, suka ba da rahoton cewa matan kan ɗauki kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu ba tare da an ga ƙari a iskar da jikinsu ke ƙonawa ba. Daga baya aka bayyana cewa tafiyarsu ta fi kama da lilo: a kowane taku jiki ya ɗan hau ya ɗan sauka, tsayi ya zama gudu, gudu ya koma tsayi, asarar tsakani kaɗan. Wani binciken da aka yi a Afirka ta Kudu bai sami wannan ribar a matan da ya auna ba, har yanzu ana jayayya a kai. To ga shi, abin da kike gani kullum a kasuwar Kejetia ne manyan masana ke gardama a kansa, kuma da darasin da kika faɗi suke gardamar.

Sai maganar kanki. Mai A1 biyu ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba. Amma a wasiƙarki kin tona asirin cutar da kanki, da kika ce ko daga barci aka tashe ki za ki kawo fomula. Mu 'yan zango da hadda muka tashi, tun muna riƙe da allo, kuma baiwa ce da ba kowa ke da ita ba. Sai dai haddar Alƙur'ani manufarta kada wasali ɗaya ya sauya daga yadda aka karɓo shi. Tambayar fiziks kuwa kullum sai ta sake riga. Yau akwati ne a kan gangare, gobe mota ce a kwana, jibi guga ce a rijiya, alhali doka ɗaya ce a ƙarƙashinsu duka. A sakandare tambayoyin kan zo da kamanni ɗaya shekara da shekaru, mai hadda ya gane fuskar tambaya ya zuba mata amsa, abin da yaranmu ke kira a tauna a zubar. A jami'a sai aka ɓoye fuskar.

Ni ma an yi mini, don kada ki ɗauka daga sama nake magana. A gwajina na farko a wannan darasin 31 na ci cikin 100, kuma a lokacin ina ji da kaina fiye da yadda kike ji da naki. Wanda ya warkar da ni ba lakcara ba ne. Wani dattijo ne mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, mutumin arewa, yana jin Hausa rangaɗau. Ya tarar da ni a baranda ina maimaita fomula kamar mai jan carbi. Ya ciro lemun tsami daga aljihun rigarsa, ya wurga sama, ya cafe, ya ce, "Ɗan Malam, lokacin da yake hawa, bayan ya bar hannuna, wa ke tura shi sama?" Na ce ƙarfin hannunka. Ya sake wurgawa, wannan karon ya cusa hannun a aljihu, lemu ya faɗo ya gangara ƙarƙashin benci. Ya ce, "Hannuna ga shi a aljihu. Da me ya tura?" Ya tafi ya bar ni ina laluben lemu.

Kwana uku ina fama da tambayar nan. Amsar ita ce babu mai tura shi. Hannu ya ba shi gudu ya sallame shi. Daga nan, in aka ajiye 'yar gogayyar iska, abu ɗaya ne rak ke aiki a kansa, jan ƙasa, wanda ke zaftare masa gudun mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Yana hawa ana zaftarewa, ya kai ƙololuwa gudu ya ƙare amma jan na nan daram, sai ya juyo. Kakanninmu sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, sun kuwa yi gaskiya. Fiziks ƙari ɗaya ta yi, ta tambaya yaushe, kuma a ina.

In kin ba da amsa irin tawa kada ki ji kunya, manyan mutane ne a layinmu. Tun zamanin Aristotil na Girka, ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, masu ilimi suka tafi a kan cewa abu ba ya ci gaba da motsi sai da mai tura shi, don haka ido ke gani: ka daina tura amalanke ya tsaya. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya matso kusa da gaskiya da ya ce abin da aka jefa yana ɗauke da wani karkata a cikinsa wanda ba zai ƙare ba sai wani abu daga waje ya tare shi. Galiliyo na Italiya ya yi ta gangaro da ƙwallo a kan katako yana auna lokaci da ɗigar ruwa, ya ga nisan da take ci a lokuta masu tsawo ɗaya yana tafiya 1, 3, 5, 7, ya wallafa a 1638. Sai 1687 Niyuton na Ingila ya jera dokokin nan uku da kika haddace. Abin da ya ɗauki duniya kusan shekara 2,000 shi ake so ki haɗiye a 'yan makonni. Dokar farko ba wuyar faɗa take da ita ba, wuyar yarda ce, don tana ƙaryata abin da jikinki ya koya tun kina rarrafe. In direban trotro ya taka birki a Tech Junction kuka tafi gaba gaba ɗaya har da yaron mota, kowa ji yake an hankaɗa shi. Babu wanda ya hankaɗa ku. Motar ce ta tsaya, ku kuka ci gaba da tafiyar da kuke yi.

Kuma ba cutar zango ba ce. Wani malamin fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka, Eric Mazur, ya ba ɗalibansa irin waɗannan tambayoyi marasa lissafi a farkon shekarun 1990, yana zaton za su share su. Wata daga cikinsu ta ɗaga hannu ta tambaye shi ko ta amsa yadda ya koya musu ko yadda take tunani a ranta. Daga nan ya sauya salon koyarwarsa, ya koma sa ɗalibai suna gardama da juna a aji. A 1998 Richard Hake ya tattara sakamakon ɗalibai sama da 6,000, ya ga ajin da ake irin wannan muhawara fahimtarsu ta ƙaru kusan ninki biyu a kan ajin da malam ke zuba ɗalibai na kwafa.

To ga abin da nake so ki yi, kuma zai yi miki ɗaci da farko don za ki ji kamar ba karatu kike ba. Ki ɗauki takardar fomulolinki ki sa a ƙarƙashin katifa. Kowace tambaya, kafin ki rubuta harafi ɗaya, ki zana abin da ake magana a kai, ko da zanen ya yi kama da ƙosai. Ki kewaye shi, sannan ki tambayi kanki wa ke taɓa shi. Ƙasa na taɓa shi? Igiya? Hannu? Wani akwatin? Duk mai taɓa shi yana iya tura shi ko ja, ki yi masa kibiya ki rubuta sunansa a kai. Ki ƙara kibiya ɗaya ta jan ƙasa, wanda shi kaɗai ne a wannan darasin ke ja ba tare da taɓawa ba. Duk kibiyar da kika zana kika kasa faɗin mai ita, ki goge ta, irin hannun dattijon nan ce da ke aljihu. Na shekara fiye da 30 ina duba takardun yara, kuma mafi yawan kuskuren da na ja wa jan biro ba a lissafi aka yi shi ba, tun a zane aka yi shi, ko kuma ba a yi zanen ba sam. In zane ya yi daidai, fomula ɗaya ce ta rage, wadda ke cewa jimlar kibiyoyin ita ke sauya gudun abu gwargwadon yawan kilonsa. Sauran da suka cika shafi biyar 'ya'yanta ne.

Tambaya uku a rana da littafi a rufe sun fi talatin da aka bi amsarsu da ido. Karanta amsar wani kamar kallon mai tuƙa tuwo ne, sai kin kama muciya za ki san hannunki bai iya ba. In kin maƙale, ki ba ta minti 20 kafin ki leƙa, in kin leƙa layi ɗaya kawai, ki sake rufewa. In kin gama ki dubi amsar da idon 'yar kasuwa: mota ce ke gudun kilomita 900 a awa? Akwati ne ya fito da nauyi ƙasa da sifili? An yi kuskure a hanya. Lissafin kalkulas kuma kada ya razana ki, a wannan matakin allurar gudu ce ta gaban direba da mitar da ke ƙirga nisan tafiya, da yadda ake samo ɗaya daga ɗaya.

Sannan ki nemi mutum biyu ko uku a ajinku ku riƙa gardama, da Hausa ko Twi ko duk harshen da kuke faɗa da shi in rai ya ɓaci. Da Turanci mutum na iya jera kalmomin littafi bai san me ya faɗa ba. Da Hausa babu wurin ɓuya. Ku fara da wannan: tirela ta yi karo da aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, wa ya bugi wani da ƙarfi mafi yawa? Kowa zai rantse tirela ce. Dokar Niyuton ta uku ta ce ƙarfin ɗaya ne a ɓangarorin biyu, ba ƙari ba ragi. Aboboya ce ke tashi sama don kilonta kaɗan ne, bugu iri ɗaya ya sauya mata gudu da yawa, tirela ko gezau. In kika iya shawo kan mai taurin kai a kan wannan, kin san dokar.

Makamashi kuwa, a gidanku malamarsa take. Ki zauna kusa da Mama in tana lissafin yamma. Da asuba uwar kuɗi takarda ce a bakin zane. Da hantsi ta zama shinkafa da wake da karan dafi da gawayi. Da la'asar ta koma kuɗi. In bai cika ba, Mama ba ta cewa ya ɓace, sai ta bi sawu: wane ya ci bashi, an zuba wa almajiri, an ci a gida. Haka makamashi yake, sai dai shi babu riba babu faɗuwa, jimlar kullum ɗaya ce. Mai dakan sakwara ya ɗaga taɓarya, abincin da ya ci ya zama tsayi. Ta sauko, tsayi ya zama gudu. Ta dira a turmi, gudu ya shiga rogo, ya zama ƙara, ya zama ɗan zafi. Ruwan da aka tare a madatsar Akosombo tun 1965 taɓarya ce babba: yana gangarowa ya juya injuna shida, su ba da har megawat 1,020, wani abu daga ciki ya biyo waya ya kunna fankar ɗakinki. Kowace tambayar makamashi shafi biyu ce ta littafin ciniki, me ake da shi da farko, me ake da shi a ƙarshe, gogayya ta ci nawa.

Abu ɗaya a nan nake so ya zauna miki, don yana kashe mutane a hanyar Accra. Makamashin gudu ba ya bin gudu taku da taku, gudun ake ninkawa da kansa. Trotro cike da mutane, a ce kilo 3,000, tana gudun kilomita 36 a awa, tana ɗauke da jul 150,000. Ta koma 72, ba ninki biyu ba ne, jul 600,000 ne, ninki huɗu. Birki iri ɗaya, titi iri ɗaya, sai ta ci nisa ninki huɗu kafin ta tsaya. Karo a wannan gudun daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 20, kusan bene mai hawa shida. Wannan hujjar ta ninki huɗu, cikin waɗanda suka tsaya mata tun ana musunta akwai wata Bafaranshiya, Emilie du Chatelet, wadda ta kafa hujja da gwajin da aka yi na sakin ƙwallayen tagulla a kan yumɓu: in gudu ya ninka biyu, ramin da ƙwallo ke yi ya ninka huɗu. Ita ce kuma ta fassara babban littafin Niyuton zuwa Faransanci kafin rasuwarta a 1749. A gida ma muna da Farfesa Aba Andam, masaniyar fiziks da ta shekara da shekaru tana koyarwa a nan Kumasi, ta kuma zama shugabar Cibiyar Fasaha da Kimiyya ta Ghana a 2017. Ki ajiye sunayen nan a ranki, amma kada ki je ki jefi kawunki da su.

Kawu uba ne, kuma ina zaton tsoro ne ke magana a bakinsa, tsoron kada kuɗin 'yar'uwarsa ya tafi a banza. Bai yi daidai ba, amma ba gardama za ta sauya shi ba. Ki shirya ranar Asabar ki je Suame, ki gaishe shi da kyau, ki ce kin zo ya koya miki. Ba dabara nake koya miki ba, da gaske yana da abin da kike nema. Ki tsaya ki ga yadda in noti ya ƙi kwancewa yaransa ke zura bututu a hannun sifana, abin da ƙato ya kasa yaro ya murɗe shi. Babin juyi ke nan gaba ɗaya: ƙarfi a ninka da tsawon hannu, ka ninka tsawon ka ninka murɗawar. Ki ƙirga sau nawa ake buga jak kafin mota ta tashi taƙi ɗaya, za ki ga ƙaramin ƙarfi a doguwar tafiya yana sayen babban ƙarfi a gajeriyar tafiya, kuma aikin ɗaya ne. Ki tambaye shi me ya sa birki ke zafi bayan gangare, ki saurari amsarsa har ƙarshe kafin ki ce komai. Shi ya san abin a hannu bai san sunansa ba, ke kin san sunan ba ki taɓa kama shi ba. Namijin da aka zo neman ilimi wurinsa a gaban yaransa, wuya ne ya sake cewa karatun bai dace da ke ba. In ma ya ci gaba da faɗa, kin dai samu darasi kyauta.

Aikin jinya ba abin rainawa ba ne, aure kuma alheri ne in lokacinsa ya zo, kuma babu ɗayansu da ya kamata a shiga da gudun tsira. Ba zan ce miki kowa sai ya zama injiniya ba. Na ga yaran da suka sauya fanni suka ji daɗin rayuwarsu. Amma ba yanzu ake yanke wannan ba, don har yau ba ki gwada fiziks ba, hadda kika gwada. Ki ba sabuwar hanyar mako shida. In a cikinsu ba a samu ko dare ɗaya da wata tambaya ta hana ki barci don daɗi ba, irin wanda za ki tashi ki kunna fitila ki gyara zane, to ki sake rubuto mini mu yi maganar sauyi. Kafin nan, gobe ki je ofishin sashenku ki tambayi yaushe ake rajistar sake jarrabawa, nawa ake biya, kuma me dokar makaranta ta ce game da wanda ke ɗauke da darasi. Ki ji daga bakin mai ofis, ba daga bakin 'yan ɗakinku ba.

Saura Mama. Ki gaya mata a cikin makon nan. Kin san zango, magana ba ta kwana, kuma akwai 'yar maƙwabta a makarantarku ko ƙawar 'yar maƙwabta. Faɗuwar za ta yi mata zafi kwana biyu, amma ta ji a bakin wata a wurin ciniki, wannan ne zai daɗe. Kada ki tare ta da asuba tana kan wuta. Ki bari ta yi isha, ta gama ƙirga kuɗinta, ki zauna ƙasa kusa da ita. Ki ce Mama na faɗi a darasi ɗaya, ba a kore ni ba, ga ranar da zan sake, ga abin da za a biya, ga abin da na sauya. Kada ki ɗora wa malami laifi, kuma kada ki yi mata rantsuwar abin da ba ya hannunki. In ta yi faɗa ki yi shiru ki sha. Matar da ta shekara 20 a bakin titi ta san ranar da shinkafa ta kama, ta san ranar da ruwa ya kori masu saye aka dawo da tukunya rabi, kuma washegari ta hura wuta. Ina kyautata zaton ta fi ki sanin abin da ake yi da irin wannan rana.

Ga aikin gida. Yaro yana zaune a bayan aboboya, tana tafiya a miƙe da gudu ɗaya ba ƙari ba ragi, ya wurga lemu sama tsaye. A ajiye maganar iska. Ina lemun zai faɗo, a hannunsa, a bayansa, ko a gabansa? In kuma direba ya taka birki lemu na sama fa? Ki tambayi Mama, ki tambayi kawu, ki tambayi wanda ya fi kowa maki a ajinku, sannan ki zana naki. Ki rubuto mini wa ya ci, da zanen a haɗe.